Shibrar Gure a Birnin Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bakin shagona a kasuwar Gure sai wani ya jawo benci: “Malam Isufu, wai da gaske ka ga teku? Wai da gaske sau biyu ka yi hanyar?” Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin ya fara yin ƙafafu, don shekaranjiya na ji wani yana rantsuwa cewa jandarmomi ne suka koro ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, da abin alfaharin da abin kunyar, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Ɗiyata Uwani ce sanadin tafiyar. Shekara huɗu ta yi a wata jami’a a Kwatano tana karatun zama dakta, kuma ba daktan allura ba, daktan gero. Mutanen gari sun sha yi mini dariya a kan haka, wai yarinya ta bar Gure ta tafi koyon gero wurin masu cin masara. Ni dai na bar su, don na san abin da na haifa.

Farkon kaka ta kira ni a salula, muryarta ba daɗi. Ta ce an sa ranar da za ta tsaya gaban furofesoshi ta kare aikinta, abin da suke kira sutanans, amma irin da ta ɗebo daga gida ɗanshin Kwatano ya sa ya yi fumfuna. Shugaban zaman kuma ya ce ba zai sa hannu ba sai an ajiye irin a ma’ajiyar jami’a, don duk mai shakka ya shuka ya gani da idonsa. In ranar ta wuce sai baɗi, burs ɗinta kuwa, kuɗin tallafin karatu, bana yake ƙarewa.

Ta ce, “Baba, abu uku nake so. Geron gonarka, da geron dajin nan na bakin kwari, da shibra. Uku, Baba.”

Na ce, “Na ji, Uwani. Da kaina zan kawo.”

Ga wanda bai taɓa riƙe hauya ba, shibra ita ce wadda ke fitowa a tsakiyar gero, ta yi kama da shi, amma zangarniyarta siririya ce mai gashi, ta riga shi nuna ta zubar da ƙwayarta ƙasa. Mu a nan abincin yunwa ce. Ba a yankarta sai rumbu ya yi fayau, kuma ba a aika wa maƙwabci tuwonta. Ni kuwa duk hanyar Kelle an san gonata da tsabta. Na zaɓi zangarnu masu tsawon hannu, na ɗaure dami mai kyau, na je kwari na yanko geron daji. Da na zo kan shibra sai na tsaya. In ɗauki shibra in ƙetare ƙasa da ita, a buɗe ta gaban manyan mutane a ce ga abin da mutanen Gure ke ci? Na ce yarinyar nan ta daɗe a waje ne, ta manta abin da ake nunawa da abin da ake ɓoyewa.

Mahaifiyarta tana ɗaura mini guzurin ƙuli-ƙuli da dabino ta ce, “Malam, uku fa ta ce.” Na ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sai ta ƙara ɗaure bakin jakar da ƙarfi.

Daga Gure zuwa Damagaram ba labari, hanyarmu ce. Washegari da asuba na shiga babbar kar, motar fasinja mai zuwa Doso. A nan Allah ya haɗa ni da Hajiya Rabi, mai fataucin albasa, wadda ta san hanyar Kwatano kamar tsakar gidanta. Ta ga na rungume dami a cinya na hana a sa shi cikin kaya, ta ce, “Malam, amarya ce?” Ita ta koya mini in raba katin dantite, wato na shaida, da takardar rigakafi a aljihu dabam dabam, in kuma daina gaida kowane mai kaki da dogon bayani, don tsawon gaisuwata na ɓata wa motar lokaci a bariyer, shingen bincike. A Maradi na ci tsire, a Konni na sayi fura na yi da-na-sani, don furarsu ruwa-ruwa ce, ba ta kama ciki irin tamu. Muka kwana a tashar Doso a kan tabarma.

Bayan Gaya sai ga kogi, faɗinsa har ya sa na yi salati a fili. Muka taka gada zuwa Malanbil. A can wani jami’i mai duba kayan shuka ya karɓi takardar da Uwani ta sa aka yi mini, ya buɗe kayana, ya ƙirga da yatsa. Yana jin Hausa sarai.

“Baba, takarda ta ce uku. Ni biyu na gani. Ina ta ukun?”

Na ce, “Ta ukun ba ta isa tafiya ba, ɗana.”

Ya kalle ni, ya ɗaga kafaɗa, ya rubuta cewa biyu sun wuce, ya buga hatimi. Allah ya aiko mini gargaɗi na biyu ke nan, na sa ƙafa na shure.

Daga nan ƙasa ta fara canzawa. Gero ya ragu, dawa ta ragu, sai masara da doya da itatuwan da ban san sunansu ba. A Paraku Hajiya Rabi ta sa aka kawo mini sakwara da miyar gyaɗa, na ci na yarda akwai abinci a duniya bayan tuwon gero, ko da yake bayan awa biyu cikina ya fara tambayata ina abincin yake. Abin da ya fi ba ni mamaki mata ne. Mace da goyo a baya, da daro a ka, tana tuƙa babur da hannu ɗaya, ba wanda ya waiwaya. A Gure da an yi mako ana zancen.

Ranar Asabar da la’asar muka shiga Kwatano. Iskar garin jiƙaƙƙiya ce, riga na manne wa mutum ko bai yi aikin komai ba. Ƴan kabu-kabunsu, da suke kira zem, duk rigarsu rawaya ce, kuma ba su san birki ba sai sun ga mutuwa ido da ido. Wanda ya ɗauke ni zuwa unguwar Zango na riƙe shi da hannu ɗaya, dami da ɗaya, ina karanta duk abin da na haddace. Na sauka gidan wani Alhaji, mutumin Damagaram da ya shekara talatin a can, har ƴaƴansa na gaishe ni da Hausa mai ɗanɗanon gishirin teku.

Ban gama alwala ba Uwani ta iso. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da akuyar mahaifiyarta, sannan ta jawo kayan. Ta ɗaga geron gonata ta yi murmushi. Ta ɗaga geron daji. Ta sake laluba jakar har ƙasa.

“Baba, ina shibrar?”

Na gyara zama na yi mata bayanin mutunci da sunan gari. Ban kai ƙarshe ba na ga fuskarta ta sauya. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta ce, “Baba, gobe da safe ka zo in nuna maka wani abu.”

Ta kai ni wani ɗaki mai rufin gilashi a bayan jami’arsu, inda suke shuka a cikin tukwane. Ta ɗauki zangarniyar geron daji ta kaɗa ta a tafin hannunta, ƙwayoyin suka zube. Ta kaɗa tawa, ko ɗaya ba ta faɗi ba.

“Baba, waɗannan biyun asalinsu ɗaya ne. Kakannin kakanni, shekaru dubbai da suka wuce, ciyawar nan suke tsinta su ci. Wadda ta zubar da ƙwayarta ta tsere musu, wadda ta riƙe ita ke zuwa gida, ita ake shukawa baɗi. Kowace shekara haka, kowa na zaɓar mai kauri yana barin siririya, har aka wayi gari ga naka ga na daji. Na daji ba ya bukatar kowa. Naka in ba ka shuka shi ba ya ƙare.”

Na ce, “To, ai sun rabu ke nan. Me ya kawo shibra cikin maganar mutanen kirki?”

Ta ce, “Doki da jaki in sun haɗu me ake samu?”

“Alfadari.”

“Alfadari yana haihuwa?”

“Ina! Ko a mafarki.”

“To su sun gama rabuwa. Kakansu ɗaya can da nisa, amma sun daɗe ba sa cuɗanya har jininsu ya daina karɓar juna, kowa ya zama jinsin kansa. Haka sabon jinsi ke fitowa, Baba. Zuriya ɗaya ta kasu biyu, ko dutse ya shiga tsakani, ko ruwa, ko lokacin fure ya saɓa, kowane ɓangare ya bi abin da ya dace da wurinsa, a hankali a hankali har hanyar komawa ta toshe. Gero da geron daji kuwa suna kan hanya, ba su kai ba. Iska na ɗaukar bununin wannan ta kai wa wancan, abin da suka haifa shi ne shibra, ita kuma tana haihuwa. Duk aikina na shekara huɗu a kanta yake. Biyun da ka kawo kowa na da su. Ita ce shaidata.”

Na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina, ko babu saɓo a irin wannan karatu. Ta ce, “Baba, wa ke fitar da geron da ka shuka?” Na ce Allah. Ta ce, “Amma ka san kwana nawa yake yi kafin ya tsiro, ka san ƙasar da yake so. Ni ma hanyar da abin ke bi nake kallo, ba Mai abin nake jayayya da shi ba.” Kunya ta rufe ni tun daga hula har takalmi. Ranar Alhamis ce sutanans, mu kuma ga mu a Lahadi.

Mutum ɗaya na sani a duk Gure da ke da shibra a rumbu bai kuma damu a sani ba, taubashina Gambo, wanda gonarsa ke iyaka da tawa. Shekara arba’in ina kiransa sarkin shibra a gaban jama’a. Na ɗauki salula na kira shi, na roƙe shi shibra.

Sai da ya sa na maimaita sau uku, wai layin ba kyau. Na ji yana kiran mutanen majalisa su matso. Ya ce, “Isufu, ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido? Faɗi da ƙarfi, me kake roƙo wurin sarki?” Na faɗa da ƙarfi. Da ya gama more ni sai muryarsa ta canza, ya ce, “Don Uwani ce ai. Yanzu zan sa kowace zangarniya a cikin tsumma in ɗaure, kada ta zube a hanya. Motar azahar ba za ta bar ni ba.”

Saura matsala ɗaya. Ƙunshin zai bi hannun direbobi har bakin gada, amma ba zai wuce jami’in Malanbil ba sai da takarda, takardar kuwa tana aljihuna. Uwani ta ce za ta je, na ce ko kusa, ta zauna ta yi bitar karatunta. Wanda ya ɓata shi zai gyara. Litinin da asuba na sake shiga mota na nufi arewa, yini guda cur, gwiwoyina na kuka. Wannan ita ce tafiya ta biyu da ake ta tambaya.

Jami’in nan na Malanbil yana ganina ya fashe da dariya. “Baba, ta ukun ta isa tafiya yanzu?” Ya ba ni kujera a inuwa, har ya aika aka sayo mini kunu.

Talata tun hantsi nake zaune a bakin gada ina duba kowace mota. Azahar ta yi, la’asar ta yi, ba labari. Direban da ya kawo ƙunshin Doso ya ce mini a salula ya ba wani, wanin kuma salularsa a kashe. A zaman nan ne na tuna abin da na daɗe ina ture wa baya. Shekarar yunwa, ina yaro, mahaifiyata ke fita da ƙwarya tun da sassafe ta bi gonaki, ta durƙusa tana tsintar shibrar da ta zube a cikin rairayi, ƙwaya ƙwaya, ta sheƙe ta daka ta dama mana. Da ita ta fitar da mu biyar daga wannan shekara, ba wanda ya mutu. Da na girma na yi gona sai na ɗauki gaba da shibra, kamar ita ta kawo yunwar. Ina zaune ga kogi a gabana na gane abin da ya raya ni shi nake jin kunyarsa.

Rana ta yi ja sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya, direban ya leƙo yana kiran, “Wa ye mai saƙon sarkin shibra?” Haka Gambo ya sa aka rubuta a jikin kwalin, da manyan baƙaƙe. Na amsa a gaban kowa, ban ko ji ɗar ba. Jami’in ya buɗe, ya ƙirga, ya cika takardarsa. Laraba da magariba na miƙa wa Uwani kwalin a Kwatano, ta kwance tsumma ɗaya ta ga ƙwayoyin cif, ta rungume shi a ƙirji.

Ranar Alhamis na sa babbar rigata ta Salla. Zauren ya cika, furofesoshi biyar a kan dogon tebur cikin manyan riguna. A gabansu an jera zangarnu uku a kan farin ƙyalle, ta Gambo a tsakiya. Uwani ta miƙe ta yi kusan awa guda tana Faransanci ba ta duba takarda ba. Faransancina na lakwal, makarantar boko, ya tsaya a aji huɗu, amma ina jin “Gure” da “Kelle” da “shibra” suna fitowa daga bakinta a cikin lasifika, kowane ɗaya na sauka a ƙirjina.

Sai tambayoyi. Shugaban zaman, wani dattijo mai furfura da ba ya murmushi, ya ɗaga shibrar ya yi doguwar magana. Wani ɗalibi ɗan Tawa da ke kusa da ni ya raɗa mini fassara. Wai in dai suna haihuwa da juna kowace damina, me ya hana su narke su koma abu ɗaya tun tuni? Uwani ta ce abu biyu ne. Na farko lokacin bununi ba ya cika haɗuwa daidai. Na biyu kuwa hannun manomi ne, mai cire shibra a lokacin noma, mai zaɓar iri tun yana kan kara. Dattijon ya girgiza kai ya ce ya karanta haka a takardu, amma bai yarda akwai mai gane shibra kafin ta fitar da kai ba.

Uwani ta juyo ta ce, “Ga mai yin haka nan a zaune.” Sannan da Hausa, a cikin lasifika, “Baba, don Allah ka taso.”

Ban san yadda na isa gaban ba. Dattijon ya sa aka shigo da tukwane shida daga ɗakin gilashi, ragowar shukar gwaji, ba wadda ta kai gwiwa, lambobinsu a ƙarƙashi inda ba a gani. Da na ga ganye sai tsoron ya tafi, don nan gonata ce. Na shafa kara, na duba gindi. Shibra tana yawan ƴaƴa a gindi, karanta siriri, ganyenta na da kaushi in ka bi shi da bayan yatsa. Na ware biyu gefe. Ta uku na daɗe a kanta, na ce wa Uwani, “Gaya masa wannan ban yarda da ita ba. A gonata cire ta zan yi, ko da zan zalunce ta.” Aka kifa tukwanen aka duba lambobi. Biyun shibra ne. Ta ukun kuma jikar shibra ce da aka sake haɗawa da gero. Dattijon ya cire tabarau ya dube ni, ya miƙo mini hannu biyu.

Suka fita shawara, suka dawo, kowa ya miƙe tsaye. Shugaban ya karanta hukunci, a ƙarshe ya ce, “Dakta Hauwa’u Isufu.”

Hauwa’u sunan mahaifiyata ne. Shi aka raɗa wa yarinyar, shi ya sa ba mai faɗinsa a gidana, Uwani muke cewa. Rabon da in ji an kira shi da ƙarfi tun ranar suna. Sai ga shi an kira shi a ƙasar wasu, mutane na tsaye suna tafi, da shibra shimfiɗe a kan farin ƙyalle.

Teku kam na gani washegari, ruwa ne mai yawa. Masu tambaya ko gaskiya ne na yi kuka a gaban mutane, ku daina zagaye-zagaye. Na yi, da babbar riga da komai, kuma ban share ba.